Yadda Muka Kai Keken Marigayi Tela Gida

Ana idar da sallar asuba muka bar Karmo ranar Talata, ni da Baba, da wani kwali mai nauyi kamar an cika shi da duwatsu. An kwana ana ruwa, lungunan unguwa duk sun zama kunu, sai da mai baro ya tuɓe takalmi kafin ya iya tura mana kaya zuwa bakin titi. Tunda kun dame ni da tambayar inda na shige har shagona ya yi kwana shida a rufe, to ga labarin, ku gyara zama.

Abin da ke cikin kwalin keken ɗinki ne, na maƙwabcina tela, Allah ya jiƙansa. Shekara shida shagonsa na jingine da nawa, ni ina auna sukari, shi yana taka keke. Mutumin Kamaru ne, ƙauyensu na can bayan wani kogi da ya raba ƙasarsu da tamu. Shan inna ya taɓa masa ƙafar dama tun yana yaro, don haka da hagu kaɗai yake taka keken, amma a fagen ɗinki ba mai nuna masa yatsa. Ya zo Abuja tun ana fasa duwatsu ana yanka tituna. Bara da aka taso da gwamnati daga Legas, manyan motoci suka dinga sauke kujeru da akwatunan takardu, sai aiki ya yi masa rubdugu: labulen gidajen Maitama, kakin masu gadi, rigunan direbobi. Har ya fara cewa bana zai je gida da abin nunawa. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Ranar da zai cika ya riƙe hannuna da na Baba, ya ce keken na 'yarsa ta fari ne, shi ya koya mata ɗinki kafin ya fito nema, mu dubi Allah mu kai mata hannu da hannu. Muka amsa masa.

Baba shi ne mai gidan da marigayin yake haya. Dattijon Bagware ne, manomi, Kirista, titi ya cinye masa rabin gona amma hakan bai hana shi raha ba. Bai taɓa wuce Keffi ba, ni kuma iyakata Makurɗi. Makaho ne zai ja makaho ke nan.

Kuskurenmu na farko ƙauna ce ta jawo shi. Da 'yan unguwa suka ji za a kai keken gida, sai suka ce ai abin kunya ne a kai wa marayu abu duk ya koɗe, a ce wai daga babban birnin ƙasa ya fito. Wani Bakatsine mai fentin gidaje a Maitama ya ce a bar masa aikin, sadakarsa ke nan ga mamaci. Kwana biyu ya yi yana kankara yana gogewa, ya fesa baƙin fenti, ya ja masa zane ruwan zinare, ya shafe teburin har mutum na ganin fuskarsa a ciki. Ni kuma na samo sabon kwali a kasuwar Wuse. Duk wanda ya gani sai ya ce tubarkalla.

Kuskure na biyu nawa ne ni kaɗai, ba zan raba wa kowa ba. Na san halin tasha. Ka ce kayan mamaci ne, fasinja su fara tsuke fuska, direba ya ninka kuɗin kaya wai don camfi. Sai na ce wa Baba duk wanda ya tambaya mu ce sabon keke ne na kayan aure. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan magana ba shi da kyau fa." Na ce ya bar min, ni ɗan kasuwa ne, na san kan hanya. Ya gyara hularsa.

A Nyanya muka sami bas mai zuwa Makurɗi. Aka ɗaure ƙafar keken da teburinsa a saman mota cikin buhuna, kwalin kuwa na rungume shi a cinya. Mu muna fita, duniya na shiga: motoci cike da magina da masinjoji da masu shara, kowa na sauri ya isa ofis ɗin da fentinsa bai gama bushewa ba. Muka wuce Mararraba da Masaka, a Uke direba ya tsaya shan mai, muka karya da kunu da ƙosai mai zafi. Naira biyu ta ƙosar da mu biyu, abin da a cikin Abuja sai dai ka lasa.

A nan wata mata 'yar kasuwar doya da ke zaune kusa da ni ta tambayi abin da na rungume haka kamar jariri. Na ce keke ne na kayan aure. Ai kuwa ta saki guɗa a cikin mota. Daga nan na shiga uku, don ba ta bar ni na huta ba: wace ce amaryar, 'yar uwata ce ko ta matata, me angon yake yi? Kafin mu kai Akwanga na riga na mayar da angon malamin makaranta, na saya masa babur, na gina masa ɗaki biyu da rufin kwano. Duk ƙaryar da na ƙara sai Baba ya yi tari ya leƙa taga.

Shingayen hanya kuwa na ƙirga har na gaji. Kowane shinge direba zai naɗe 'yar takardar kuɗi a tafin hannu, ya miƙa kamar mai gaisuwa, a ɗaga katako mu wuce. Mu fasinja sai mun yi nisa muke yin tsaki, iyakar jarumtarmu ke nan. Ni ma na yi nawa tsakin.

Garin Lafiya ya ba ni sha'awa da tarin doya a bakin titi, kowace kamar cinyar ƙato. Amma abin da ba zan manta ba shi ne fuskar Baba lokacin da muka hau gadar Makurɗi. Binuwai ya cika ya batse, ba ka ganin inda ya ƙare. Baba ya cire hula ya riƙe a ƙirji, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce duk wannan ruwa yana tafiya a banza, mu kuma a Karmo muna sayen garwa. Motar gaba ɗaya ta kwashe da dariya.

Muka sake mota, muka ci sakwara da miyar agushi a Gboko. Ni na nemi ta kifi don ban gane kan naman ba, Baba kuwa bai tsaya tambaya ba. Lemo a garin kamar a ce kwashi kyauta, na naira ɗaya sai da muka raba wa 'yan mota. Muka haye gadar Katsina-Ala da la'asar, ana kiran magariba muka shiga Takum. Wani Bakano mai sayar da goro ya sauke mu a zaurensa. Da ya ji inda muka nufa, ya ce mu tanadi 'yan canji a aljihu daban-daban, kuma kome rintsi kada mu nuna muna sauri. Shi ma na ce masa kayan aure ne, don bakina ya riga ya saba.

Laraba gaba ɗaya a bayan a-kori-kura muka yi ta. Hanya jar laka, hawa da gangara, daji ya rufe sama, ga bishiyoyin kwakwar manja da ayaba ko'ina. Sau biyu muna kafewa, maza su sauka su tura, mata su yi ta ba mu umarni daga sama. Rigata fara ce da safe, da yamma ko ni ban gane ta ba. Muka kwana a garin bakin iyaka a rumfar wani mai shayi.

Ba zan faɗi sunan garin ba, ba kuma zan ce ga masu kakin da suka yi mana abin da suka yi ba. Kakin kala-kala ne, wasu ma ba kakin, sai sanda da tsawa. Alhamis ranar kasuwa ce a wurin. Tun da hantsi bakin kogi ya cika da mata masu garewanin manja da kan ayaba da buhunan gishiri. Kogin bai kai Binuwai faɗi ba, amma yana da gudu, ruwansa ja. Kwalekwale kusan goma ke kaiwa da komowa. Kana hango ƙasar Kamaru ga ta nan, har kana jin carar zakarunsu. Tsakaninka da ruwan akwai igiya da aka gitta, da rumfunan ciyawa uku, kowace da teburi.

A teburin farko aka duba takardunmu na ƙetare iyaka, komai daidai. Mutumin ya ɗaga hatimi sama ya tsaya, ya ce tawada ta bushe. Na gane irin ruwan da ke jiƙa ta, na shafa aljihu, hatimi ya sauka. A na biyu aka juya katin rigakafinmu sama da ƙasa, aka ce sa hannun likita ya karkace. Na sake shafa aljihu, ya miƙe. Ina faɗa muku ne don kada wani ya ɗauka waliyyi ne ya yi tafiyar nan.

Teburi na uku na kaya ne. Wani siririn mutum mai jajayen idanu, da biro a bayan kunne, ya nuna kwalin da baki ya tambayi abin da ke ciki. Kafin Baba ya buɗe baki na riga na ce sabon keke ne na kayan aure. Ya sa aka buɗe. Rana ta daki fentin nan, keke ya ɗauki ƙyalli, sai na ga mutumin ya gyara zama. Ya ce ina rasit? Babu. Ina takardar izinin fitar da sabon kaya daga ƙasa? Babu. Ya ce to kaya sun zama na hukuma, sai dai in muna so a yi magana. Kuɗin da ya faɗa, ko mun haɗa guzurinmu da na motar komawa da agogon hannuna, ba za su kai rabi ba.

Na rage murya na ce masa ranka ya daɗe, gaskiyar magana keken tsoho ne, na mamaci ne, amana muka ɗauko za mu kai wa marainiya. Ya yi wata dariya ya ce, "Ɗazu sabo ne na amarya, yanzu tsoho ne na mamaci. Zuwa azahar kuma na wa zai zama?" Ban ga laifinsa a wannan ba, ko ni ne ba zan yarda da ni ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa da hannuna na tsaga bangon. Ina ji ina gani aka kinkimi keken da ƙafarsa da teburinsa aka shigar wata bukka a baya. Na leƙa na ga kekunan hawa da rediyoyi da fitilu jibge, tsatsa ta fara cin wasu.

Na yi roƙo, na yi rantsuwa, na cire agogo na ajiye a teburi, ya ture shi da biro. Rana ta take. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ni. Mutum ya riƙe hannunka yana kan gargara, ka ce masa to, sannan ka zo gaɓar kogin garinsu ka zubar da amanarsa saboda wayon banza. Da na tuna haka sai na koma gefe na tsuguna.

Baba bai roƙi kowa ba. Ya je gindin wani mangwaro ya zauna kusa da wata mata mai jiran a ƙetare da manjanta. Ta ga dattijo ya yi tagumi, ta miƙa masa gasasshiyar ayaba, ta tambayi abin da ya faru. Shi kuwa ya faɗa mata komai tiryan-tiryan, har da fentin, har da ƙaryata. Da ya ambaci tela mai taka keke da ƙafa ɗaya da sunan ƙauyensu, matar ta dafe ƙirji. Ashe ƙauyensu ɗaya, sun sami labarin rasuwar ta bakin wani direba, har an yi zaman makoki. Ta tashi ko ɗankwali ba ta gyara ba, ta gangara bakin ruwa.

Ta dawo da wani tsoho baƙi, gajere, damatsansa kamar taɓarya. Shi ne sarkin fito, wato shugaban masu kwalekwalen wurin. Ya gaida mai biro cikin ladabi, ya ce ba ya son komai, ido kawai zai sa wa kayan. Mai biro ya ɗaga kafaɗa. Tsohon ya shiga bukkar, muka bi shi. Ko kallon kan keken bai yi ba. Ya kwance buhu, ya tsuguna, ya sa tafin hannu a kan faffaɗan ƙarfen da ake takawa, yana shafawa a hankali. Ya kamo hannuna ya ɗora a wurin. Ɓangaren dama da kaushinsa, ɓangaren hagu kuwa ya siɗe ya lotsa, fenti ya rufe launi amma bai cike gurbin ba.

"Ƙafa ɗaya ne ya ci wannan ƙarfe," in ji shi. "Ni na ƙetare da shi da keken nan lokacin da zai tafi. A nan bakin ruwa ya ɗinke min wando kafin ya hau mota."

Mai biro ya ce shi duk wannan bai dame shi ba, takarda yake so. Tsohon bai yi musu ba. Ya gangara bakin ruwa, ya ɗaga filafilinsa na tuƙin jirgi sama ya kifa shi a ƙasa. Ɗaya bayan ɗaya masu kwalekwale suka jawo jiragensu kan yashi suka zauna. Aka yi kira zuwa wancan ƙetaren, su ma suka ɗaure nasu. Matar mai manja ce ta bayyana min abin da nake gani. A al'adar masu fiton kogin, kayan mamaci da ke kan hanyar komawa gida ba sa jira a gaɓa. Su ake fara ƙetarwa, ba a karɓar ko kwabo a kansu, kuma muddin suna gaɓa ba jirgin da zai taɓa ruwa. Sun gaji abin ne tun kafin a san za a gitta igiya a wurin.

Ranar kasuwa ce fa. Cikin sa'a guda gaɓa ta cika maƙil, kaya kan kaya. Na zaci matan za su huce a kanmu, don mu muka tsayar musu da ciniki. Sai na ga sun sauke kaya sun zauna a kai, sun juya suna fuskantar rumfa ta uku. Ba zagi, ba jifa, kallo kawai, sai wata tsohuwa da ke ta maimaita cewa ita ma marigayin ya taɓa yi mata ɗinki. Teburin farko da na biyu suka zama ba mai zuwa, tunda ba mai ƙetarewa. Masu su suka fara zagayowa suna yi wa mai biro magana ƙasa-ƙasa.

Bayan azahar wani oga mai taurari a kafaɗa ya fito daga cikin gari, da alama daga barci aka taso shi. Ya saurari mai biro, ya saurari sarkin fito, ya dubi taron matan nan. Ya shiga bukka ya fito, ya ce shi bai ga sabon keke ba, tsohon ƙarfe ya gani da aka yi wa kwalliya, a kwashe shi a ba mutane wuri. Abin mamaki, mai biro da kansa ya kama mana ƙafar keken zuwa bakin ruwa. Muna tafe ya ce min a hankali wata uku ke nan bai ga albashi ba. Tausayinsa da haushinsa suka haɗu suka yi min yawa.

Kafin mu shiga jirgi sarkin fito ya tsayar da ni a gaban jama'a. Ya ce, "Da ka faɗi gaskiya tun a igiya, ko su ba za su taɓa ba. Su ma sun san za su mutu." Na sunkuyar da kai na ce na yi kuskure, Baba. Baban Karmo kuwa ya yi ɗan tarinsa.

Sarkin fito da kansa ya tuƙa mu. Aka sa keken a tsakiyar jirgi, ni da Baba da mai manja muka riƙe shi. Ruwa na ta dukan jikin katako. Ni da ban iya iyo ba, na karanta duk abin da na haddace. Muna kaiwa tsakiya na waiga, sai na ga sauran jiragen sun biyo bayanmu a jere, cike da mata da manja. Na miƙa masa kuɗin fito a ɗaya gaɓar, ya harare ni har sai da na mayar aljihu. Jandarman wancan ɓangaren ya tambaya da Faransanci, tsohon ya ba shi amsa da kalma biyu, ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Daga nan tafiyar ƙafa ce ta kusan sa'a biyu, cikin gonakin koko da rogo. Mai manja ta bar manjanta wurin wata, ta yi gammo ta ɗora kan keken a ka, wasu mata biyu suka ɗauki sauran. Baba ya ce a garinsu a kafaɗa mata ke ɗaukar kaya, kai na tunani ne. Mai manja ta ce ai ta ga inda tunanin mutanen Abuja ya kai su yau. Dariyar da muka yi ita ce ta farko tun safe.

Da la'asar sakaliya muka isa. Gidan ɗaki biyu ne na jar ƙasa, tsaf da shi. Matar marigayin ta fito, doguwa, ramammiya, da 'yarta budurwa wadda ta ɗebo goshin ubanta sak, da ƙananan yara biyu. Muka yi gaisuwa, muka faɗi yadda ya yi jinya da yadda aka yi masa sutura da yawan mutanen da suka raka shi, mai manja na fassarawa. Sannan ni da Baba muka haɗa keken a tsakar gida, muka ɗaure kusoshi, na goge shi da hannun riga, na ja da baya ina jiran a yaba.

Matar ta daɗe tana kallonsa. Ta zagaya shi sau ɗaya ba ta taɓa ba. Ta faɗi wata magana da harshensu, ta shige ɗaki. Sai da na matsa wa mai manja kafin ta fassara. Ta ce, "Wai ba nasa ba ne. Wai kun sayar da nasa kun sayo sabo. Ta gode da wahalarku, amma nasa take so."

Wallahi abin da aka yi min a bakin kogi bai kai wannan ciwo ba. Can ƙaryata ce ta kama ni, nan kuwa alherinmu ne. Garin neman gira mun tashi rasa ido. Na buɗe baki zan fara rantsuwa, Baba ya dafa min gwiwa.

Sai yarinyar ta matso. Ta jawo kujera, ta ɗaura igiyar keken, ta zura zare, ta ɗauko wani tsumma ta sa a ƙarƙashin allura. Ta cire takalmi ta taka. Keken ya tashi, yana tafiya yana wani ɗan tari, duk bayan 'yan juyi sai ya ce ƙas, ya ci gaba. Shekara shida ina jin wannan ƙas ɗin ta bayan bangon shagona, ban taɓa sanin na haddace shi ba sai ranar. Yarinyar ta ci gaba da takawa hawaye na zuba a kan tsumman. Sai ga uwar a bakin ƙofa ta dafa bango. Ta tako a hankali ta ɗora tafin hannunta a kan teburin, tana jin motsinsa, ta faɗi kalma ɗaya. Wannan ban nemi fassara ba. Na juya baya na yi kukana, Baba ma ya cire hula ya rufe fuska.

Juma'a muka wuni a garin. Aka yi mana tuwon masara da miyar wani ganye mai ɗan ɗaci, aka yanka kaza aka ba ni wuƙar in yanka da kaina. Kafin azahar mata uku sun kawo ɗinki, yarinyar ta fitar da keken ƙarƙashin bishiya ta fara aiki. Ta ɗinke min aljihun da ya yage a turin mota, kuma ɗinkin ubanta ne, ba ragi.

Asabar muka juyo. A rumfar farko tawada ta sake bushewa. Wannan karon na ce masa ba komai, zan jira ta jiƙe, ba sauri nake ba. Ni da Baba muka zauna a gabansa muna ɓarar gyaɗa. Bai kai sa'a ɗaya ba ya buga hatimi ya wurgo mana takardunmu. Ba zan ce muku wurin ya gyaru ba, don ina zaune ina ganin mata na kwance bakin zane suna miƙawa. Amma na ga ranar da suka zauna a kan kayansu, na kuma ga abin da zaman ya yi.

Lahadi da yamma muka sauka a Karmo, ƙafa duk laka, da kan ayaba da aka ba mu tsaraba. An ce tafiya mabuɗin ilimi, ni dai ta buɗe min nawa da mari. Na fita ina ganin duk wanda ke bakin hanya macuci ne, sai an yi masa wayo, ashe wayon nawa ne ya miƙa wuyanmu ga macucin, gaskiyar Baba kuma ta kira mana mutanen kirki, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba. Masu igiya suna da ƙarfi ne muddin kowa shi kaɗai yake zuwa gabansu.

Ban gama buɗe shago ba sai ga Bakatsinen nan mai fenti, ko kayan aiki bai cire ba, yana murmushi yana tambaya ko aikinsa ya burge su. Na so in ce masa ƙwarai, amma na tuna inda irin wannan ta kai ni. Na ba shi benci, na faɗa masa duk yadda aka yi, tun daga rumfa ta uku har zuwa maganar matar da kukan keken. Ya dubi hannuwansa.

Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi da fenti ba ya shiga ciki."